Kwana uku a La Couvertoirade, ƙauyen da ba shi da rafi

Tambayar farko da ta fito daga bakina da muka sauka daga mota ita ce: ina mutanen garin nan suke ɗebo ruwa? Duk wanda ya tashi a Damagaram kamar ni ba zai yi mamakin tambayar ba. Da jarka a hannu muka girma, da layin famfo tun kafin kiran assalatu, shi ya sa duk inda na sa ƙafa ruwa idona yake fara nema. A nan kuwa na duba gabas na duba yamma, ba rafi, ba ƙorama, ba ko alamar fadama. Farin dutse ne shimfiɗe iya ganin ido, da gajeriyar ciyawa, da wata iska mai shiga ƙashi, alhali muna ƙarshen watan Mayu.

Kwas na wata uku kan kiwon dabbobi ne ya kai ni birnin Montpellier, a kudancin Faransa. Wani abokin karatuna Bafaranshe, da ya ga kullum hirata ba ta wuce ta tumaki, ya ce lallai sai ya kai ni wurin gwaggonsa, wadda ke zaune da mijinta da ɗansu a wata gona kusa da ƙauyen La Couvertoirade. Da bakinmu za a ce Kubertuwarad. Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Mun bi babbar hanya ta gonakin inabi da zaitun, muka wuce garin Lodève, daga nan mota ta fara hawa. Hawa ne na gaske, har kunne ya toshe. Muka shige wani rami da aka fasa a cikin dutse, muna fitowa sai ka ce wata ƙasa muka shiga. Inabi ya ɓace, zaitun ya ɓace, zafi ya ɓace. Abokina ya ce, “To, ga Larzac.”

Larzac faffaɗan tudu ne, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,000, tsayinsa daga teku kuwa tsakanin mita 600 da 900. Ƙauyen yana can gefensa na kudu, a jihar Aveyron, kusan mita 800 sama da teku. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ruwan saman da ake yi a nan ya ninka namu fiye da sau biyu a shekara, amma ƙasar ba ta riƙe shi. Dutsen irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa ne, ruwa yana cinsa a hankali. Shekaru aru-aru yana ci, har ƙarƙashin tudun ya koma kamar rariya, ga tsaguwa, ga ramuka, ga koguna masu zurfi. In an yi ruwa yau, gobe ka neme shi ka rasa. Ya zurare can ƙasa, sai a gindin tudun yake ɓullowa ya zama rafuka, irin su Durzon da ke kusa da garin Nant, da Sorgue, da Cernon. Mutanen kwari su sha su yi ban-ruwa, na bisa tudu kuwa su tashi da ƙishi. Mu rashin ruwan sama ne ke damunmu, su kuwa sama ta ba su, ƙasa ta shanye.

Ba a shiga ƙauyen da mota. A wani fili a waje ake ajiye ta, a biya kuɗi, a taka da ƙafa. Ganuwa ce ta fara tarbarmu, ta dutse, doguwa, da hasumiyoyi masu zagaye, da ƙofa ɗaya babba ta arewa wadda har yanzu take tsaye da hasumiyarta. Ta kudu ta rufta tun 1912. Tsawon ganuwar duka bai wuce mita 420 ba, ka ga ke nan ƙauyen ɗan mitsitsi ne, cikin minti goma ka gama zagaya shi in ba ka tsaya kallo ba. Ni dai na tsaya, har abokina ya gaji ya nemi wuri ya zauna.

Gidajen ne suka tsayar da ni. Kusan kowane gida hawa biyu ne ko uku, kuma tsarinsu ɗaya. Ƙasa ɗakin tumaki, sai matakalar dutse daga waje ta hau da kai ɗakin mutane, sama kuma wurin ajiyar hatsi da ciyawa. Da sanyin hunturu ɗumin jikin tumaki yana tasowa ya ɗumama masu gida. Da yake itace ya yi ƙaranci a tudun, ba su samu azara ba, sai suka riƙa ɗaure rufi da dutse a lanƙwashe, kamar yadda maginanmu suke ɗaure soro da bakan gizo. A saman wannan ake jera faifayen dutse masu nauyin gaske. Na leƙa wani tsohon ɗakin tumaki da yanzu aka mayar shagon tukwane, na ɗaga kai na kalli ɗaurin rufin, sai na tuna zauren kakana a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Kuma kowane rufi da indararonsa, kowane indararo yana zuba cikin wata rijiya da aka fafe a dutse ƙarƙashin gida ko gefensa. Ba rijiyar da ake haƙa a tarar da ido ba ce, rumbun ruwa ce. Abin da rufinka ya tara maka da damina shi za ka sha, shi za ka yi girki da shi, kuma sai ka yi tattali.

Akwai wani abu a jikin ganuwar, kusa da coci, wanda har yau bai fita daga raina ba. A nan babban rumbun ruwan gari yake, cikin dutse. Daga ciki aka sassaƙa ɗan kwarmi kamar akushi, aka huda bango aka fitar da 'yar magudana waje. A zamanin annoba ko yaƙi, in an rufe ƙofofin gari, matafiyi ya iso da ƙishi, ba za a buɗe masa ba, amma ba za a bar shi ya wuce haka nan ba. Sai a zuba ruwa daga ciki, ya tara daga waje ya sha. Sunan wurin da Faransanci ma'anarsa “kyautar ruwa”. Na sa hannu na shafa bakin magudanar, ya yi santsi. Mutanen da suke ƙirga kowane guga, waɗanda tsoro ya sa suka kulle kansu, su ne suka zauna suka yi dabarar shayar da baƙon da ba su ga fuskarsa ba. Na daɗe tsaye a wurin.

Tarihin ƙauyen yana haɗe da wasu mutane da sunansu ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta tarihin yaƙe-yaƙen Salibiyya. Su ne 'yan ƙungiyar Templiers, sojojin dawaki masu rayuwar zuhudu irin ta Kirista, waɗanda aka kafa a Ƙudus wajen 1119. A tsakiyar ƙarni na 12 suka samu gindin zama a Larzac, suka mayar da ƙauyen Sainte-Eulalie cibiyarsu, suka yi ta tara filaye, wasu kyauta wasu saye. A La Couvertoirade suka gina 'yar fada a kan wani dutse, tana nan har yanzu. Ba yaƙi ya kawo su nan ba, dukiya ce. Hatsi da ulu da tumaki da dawakin wannan tudu su ne suke komawa kuɗin da ake ciyar da rundunarsu a Gabas. A matsayina na Musulmi, na ji wani iri da na gane cewa gumin talakawan wannan ƙauye ya taɓa zama guzurin yaƙi da Musulmin Sham da Falasɗinu. Amma da na kalli ƙanƙantar gonakin da yawan dutsen da ke cikinsu, sai tausayin manoman ya fi rinjaye a zuciyata, don su ma karɓa ake yi daga hannunsu.

A watan Oktoba na 1307 Sarkin Faransa Philippe le Bel ya sa aka kame 'yan ƙungiyar, a 1312 Fafaroma ya rushe ta, dukiyarta ta koma hannun wata ƙungiyar mai kama da ita, Hospitaliers. Su suka gina cocin, a zamaninsu kuma aka yi ganuwar. An fara aikinta a 1439, a ƙarshe-ƙarshen yaƙin shekara ɗari tsakanin Faransa da Ingila, lokacin da sojojin haya da suka rasa mai biyansu suka koma 'yan fashi, suna bin ƙauyuka suna kwashe dabbobi da hatsi. Gaggawar ta kai har sai da ganuwar ta ratsa tsakiyar maƙabarta, ta raba ta biyu. Hospitaliers suka ci gaba da riƙe ƙasar har juyin juya halin 1789.

Da la'asar muka ƙarasa gonar, 'yan kilomitoci daga ganuwa. A hanya ne na fahimci yadda ake noma a wannan dutse. Nan da can ƙasa takan lotsa ta yi kwari mai zagaye kamar ƙwarya, jar ƙasa ta taru a ciki. Nan kaɗai garma take shiga. Za ka ga da'ira koriya shar ta sha'ir ko alkama ko ciyawar da suke kira luzerne, kewaye da ita kuwa fako. A bakin kowace gona ga tarin duwatsu, wani ya fi mutum tsayi. Abokina ya ce kakanni ne suka tsince su da hannu ɗaya bayan ɗaya, kowace shekara garma ta tono sababbi, a sake tsincewa.

Gwaggon tasa dattijuwa ce mai fara'a, ta ba saba'in baya. Tun kafin mu zo an gaya mata abin da nake ci da wanda ba na ci, saboda haka miyar ganye ta yi, da ƙwai, da dankali, da burodi. Bayan nan ta kawo wani waina-waina mai faɗi da suke kira flaune, ana yinsa da cukun tumaki mai laushi da ƙwai da ruwan furen lemo. A jikin ƙofar gidan an kafa wani busasshen fure mai ƙaya, faɗinsa kamar faifai. Ta ce sunansa cardabelle, makiyayan da da shi suke duba yanayi: in iska ta yi laima sai ya tsuke, a san ruwa na tafe. Yanzu doka ta hana tsinkarsa a daji, nata tun na surukarta ne.

Na ce, “Madam, yaushe famfo ya iso nan?”

Ta ce ita dai da wayonta sarai, har ta zama budurwa da guga suke ja daga ƙarƙashin ɗakin girki. Ruwan da aka wanke ganye da shi ba a zubarwa, a wanke kwanoni, in an gama a kai wa shuka. Ta ce har yau in jikokinta suka bar famfo yana zuba suna goge baki, sai ta ji gabanta ya faɗi. Na ce mata mahaifiyata ma haka take. Muka yi dariya, daga nan hira ta buɗe.

Rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe tara. Na yi Magariba a bayan ɗakin ciyawa, ƙararrawar wuyan tumaki tana tashi daga nesa.

Ƙarfe shida na safe ɗanta ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, muka tafi tatsa. Tumakinsu sun kai 400, duk irin da ake kira Lacaune: farare, ba ƙaho, kai da ciki ba ulu, kunnuwa a ɗan kwance, hantsa kuwa kamar ta akuyar da ta sha dusa. Da kansu suke hawa dandamalin tatsa layi-layi, kowace ta sa kai a gurbinta ta tarar da ɗan hatsi, shi kuma yana tsaye a rami a bayansu yana maƙala musu robobin inji. Madarar ta bi bututu ta faɗa tankin sanyi, hannu bai taɓa ta ba. Safe da yamma haka ake yi, ba Lahadi ba ranar biki, wata shida zuwa bakwai. Tumakin suna haihuwa da farkon sanyi, 'ya'yan su sha nono kamar wata guda, a yaye su, a zaɓi matan da za a bari, sauran a sayar wa masu turka. Tunkiya mai kyau takan ba da kusan lita 300 a shekara. Ni da na saba ganin tunkiya a matsayin nama da kuɗin Layya, na tsaya ina lissafi a zuci. Ba a banza aka kai nan ba: shekaru gommai ana auna madarar kowace tunkiya ana rubutawa, ana zaɓen raguna daga uwayen da suka fi nono. Kowace dabba da lambarta a kunne, kuma ya buɗe mini waya ya nuna mini tarihin wata tun daga kakarta.

Madarar nan yawancinta Roquefort take nufa, wani ƙauye da ke gefen tudun ta yamma, tafiyar ƙasa da awa ɗaya. Mun je washegari. Mu ma muna da cuku, wanda matan Buzaye da Fulani suke shanyawa a kan tabarma ya bushe ƙamas, a ci da shayi ko a daka a fura. Nasu daban ne. Curi ne babba mai nauyin kilo biyu da rabi zuwa uku, fari, mai laushi, da jijiyoyin fumfuna shuɗi-kore a cikinsa, kuma da gangan ake sa fumfunar. Ƙauyen yana jingine da wani dutse mai suna Combalou wanda ya taɓa ruftawa tun zamanin da ba a sani ba, ya bar koguna da tsaguwa. Ta waɗannan tsaguwa iska mai laima take shiga tana fita, sanyin kogon ya tsaya wajen digiri 8 zuwa 10 rani da damina. A nan ake jera cukun a kan katakai. Kafin a sayar sai ya yi aƙalla kwana 90. Na ɗanɗana. Gishiri ne ya fara dukan harshena, sai yaji-yaji, sai maiƙo. Loma ta farko na yamutsa fuska, ta uku na nemi ƙari. Wanda ya saba da daddawa ba zai daɗe yana baƙunta da shi ba.

Abin da ya fi cukun kansa muhimmanci a wurina shi ne dokar da ke bayansa. Tun 1411 Sarki Charles na shida ya ba mutanen Roquefort kariya kan wannan sana'a, a 1925 kuma ya zama cuku na farko a Faransa da doka ta tsare sunansa. Ba wanda ya isa ya kira cukunsa Roquefort sai in da ɗanyar madarar tumakin Lacaune aka yi shi, tumakin suna cikin yankin da aka shata, suna fita kiwo in yanayi ya yi, mafi yawan abincinsu daga yankin ya fito, cukun kuma ya kwanta a kogon Combalou. Kamfanoni bakwai ne kaɗai suke yinsa. Da wannan doka aka ɗaure kuɗin da mai ci yake biya a Paris ko Amurka da ciyawar wannan fako. Ba don haka ba, ban ga yadda za a yi mutum ya rayu da iyalinsa a kan dutsen nan ba. Ina cikin kogon tunanina ya tafi kan kilishinmu da albasar Galmi, da yadda suna yake zama dukiya in an tsare shi.

Amma kada a ɗauka daula suke ciki. Ɗan gwaggon ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa cin Roquefort yana raguwa, matasa sun fi son cuku marar ƙarfi, saboda haka wani kaso na madarar yanzu wasu kayan ake yi da shi, kuma kuɗinsa bai kai ba. Ya ce in aka cire tallafin da Tarayyar Turai take ba manoma, musamman na masu noma a tsaunuka da wurare masu wuya, abin da zai rage masa bayan bashin inji da na gini ba zai taka kara ya karya ba. Shi da wani maƙwabcinsa suka haɗa gona da garke a ƙarƙashin tsarin haɗin gwiwa da doka ta tanada, don kowa ya samu ya huta wani ƙarshen mako. Ga kuma kyarkeci da ya dawo tudun a 'yan shekarun nan bayan an daɗe da mantawa da shi, dole aka koma kiwon manyan karnuka farare masu kwana cikin garke. Ungulu kaɗai yake yabo. An dawo da su yankin tun 1981, yanzu in dabba ta mutu akwai wurin da aka keɓe a ajiye musu, kafin ka juya sun share.

Daren na biyu mai gidan ya buɗe baki. Dattijo ne marar yawan magana, da matarsa wani lokaci yakan juya harshe zuwa Occitan, yaren kakanninsu, wanda yara yanzu ba su cika ji ba. Na tambaye shi ma'anar wani rubutu da na gani a jikin tsohuwar motar noma: Gardarem lo Larzac. Ya ajiye cokali. Ya ce ma'anarsa, “Za mu riƙe Larzac.”

A watan Oktoba na 1971 ministan tsaro Michel Debré ya ba da sanarwar cewa za a faɗaɗa barikin soja da ke La Cavalerie, arewa da nan, daga hekta 3,000 zuwa 17,000. A ganin hukuma dutse ne da 'yan tsofaffi, ba wanda zai yi kuka. Manoma 107 abin ya shafa. A watan Maris na 1972, mutum 103 daga cikinsu suka sa hannu a kan rantsuwa cewa ba wanda zai sayar, ba wanda zai tashi, kome aka ba shi. Suka kuma yanke cewa ba za su ɗaga wa kowa hannu ba. A watan Oktoba na shekarar suka loda tumaki 60 a mota suka sauke su a gindin hasumiyar Eiffel a Paris suna kiwo, 'yan sanda suna bin su a guje. A Janairun 1973 suka kama hanyar Paris da motocin noma cikin tsananin sanyi. Suka gina katafaren ɗakin tumaki na dutse a La Blaquière, cikin filin da aka ce na soja ne, ba tare da izini ba, mutane daga ko'ina suna zuwa suna ɗora dutse. A 1978 suka taka da ƙafa har Paris, kilomita 710. Shekara goma ana wannan ja-in-ja, sai da François Mitterrand ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1981 ya soke shirin.

Mai gidan ya ce shi lokacin saurayi ne, kuma abin da ya fi tsaya masa shi ne taron watan Agusta na 1974, da mutane wajen dubu ɗari suka hau tudun. Taron girbi ne, an yi shi da sunan ƙasashe matalauta, taken kuwa shi ne alkama tana rayawa, makamai suna kashewa. Ya dube ni ya ce, “A lokacin kullum ana nuna yunwar ƙasarku a talabijin.”

Na yi shiru. Ban zo duniya ba a lokacin, amma na tashi da labarin. Farin 1973 da 1974 shi ya cinye garken mahaifina, ya bar shi da igiyoyi. Yana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen mulkin Shugaban Nijar Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. Ban taɓa zaton cewa a wannan shekarar, a kan wani dutse a Faransa, akwai makiyayan da suke cikin tasu fargabar rasa ƙasa amma suka tuna da mu ba. Na gaya masa labarin mahaifina, da yadda ya sake farawa da tunkiya biyu da wani ɗan'uwa ya ba shi aro. Ya tambaye ni sau biyu yadda wannan aron yake, wa ke da 'ya'yan, yaushe ake mayar da uwar. Ya ce tsari ne mai kyau.

Abin da aka yi da ƙasar bayan nasara ya fi nasarar burge ni. Filayen da gwamnati ta riga ta saya, hekta 6,300, ba a raba su an sayar ba. A 1985 aka danƙa su ga wata ƙungiya ta mazauna tudun bisa haya mai dogon zango, wadda daga baya aka tsawaita har 2083. Ƙungiyar ce take ba manomi gona da gida ya yi aiki har ya tsufa, in ya ajiye a ba wani. Saurayin da bai gaji ko taki ɗaya ba yana iya samun wurin kiwo ba tare da ya ci bashin sayen ƙasa ba. A Faransa gaba ɗaya gonaki sun ragu daga kusan miliyan 1.6 a 1970 zuwa wajen 390,000 a 2020, amma a wannan yanki na tudun manoma ƙaruwa suka yi. Barikin yana nan a iyakarsa ta da, tun 2016 ma wata runduna ta Légion, sashen sojan Faransa mai ɗaukar 'yan ƙasashen waje, ce a ciki.

Ran kwana na uku na koma cikin ganuwa ni kaɗai da sassafe, kafin masu yawon buɗe ido su iso. A nan ne na ga ɗaya fuskar ƙauyen. Tagogi da yawa a rufe suke. A ƙarni na 19 mutanen gundumar sun kai wajen dubu, yau duka da na gonakin kewaye ba su cika 200 ba, masu kwana cikin ganuwa da hunturu kuwa 'yan ƙalilan ne. Yaƙin 1914 ya ɗebi samari, kamar yadda ya yi wa kowane ƙauye a ƙasar, sauran kuma birane suka janye su, wasu Millau wurin ɗinkin safar hannu ta fatar 'yan raguna, wasu Montpellier, wasu Paris. Duk da haka ƙauyen yana da magajin garinsa da majalisarsa da tutarsa, ɗaya daga cikin gundumomi kusan 35,000 na Faransa. Yanzu abin da ke riƙe cikin ganuwa shi ne baƙi. An sa shi cikin jerin ƙauyukan da suka fi kyau a ƙasar, a 2011 kuma UNESCO ta sa yankin duka cikin kayan tarihin duniya saboda al'adarsa ta kiwo. Tun da aka buɗe gadar Millau a 2004, mai tashi sama mita 343, hanyar ta zama ta kowa. Watannin Yuli da Agusta ba masaka tsinke, ɗakunan tumaki sun koma shagunan masaƙa da maƙera da masu sayar da zuma. Ban ga laifinsu ba, da kuɗin nan ake gyara rufin da da tuni ya rufta. Amma na fi jin ƙauyen a gonar gwaggo, inda ake jin warin taki.

Da yamma ɗanta ya ce in zo in raka shi shayar da garke. Tafkin nasu ba irin namu ba ne da ruwa ke kwanciya da kansa. Ginawa ake yi. Suna kiransa lavogne: a sami wuri mai gangare, a fafe shi kamar ƙwarya, a dandaɓe gindin da yumɓu, a shimfiɗe shi da duwatsu tun daga baki har tsakiya don kada kofato ya huda yumɓun ruwa ya tsere. Akwai babba a bayan ganuwar ƙauyen, wanda aka gina bayan an cike na cikin gari saboda cututtuka. Nasu ƙarami ne, a bakin wani tsohon burtali da garkunan kwari suke bi da bazara su hau tsaunuka.

Tun daga nesa tumakin suka jiwo ƙanshin ruwa suka ƙara sauri, ƙararrawa tana ta kaɗawa. Kare ya zagaya ya tare na gefe. Suka kewaye tafkin suka yi masa zobe, kawuna a ƙasa, sahu na biyu yana jiran na farko. Ba ka jin kome sai ƙarar zuƙar ruwa. Ya nuna mini wani layi a jikin duwatsun, sama da inda ruwan yake da kamar taki ɗaya, ya ce bara war haka a nan yake. In ba a samu ruwa a watan Yuni ba, sai ya jawo tanki da motar noma.

Na tsuguna na ɗebi ruwan da tafin hannu, sanyi ƙarara, da 'yan talibambam suna iyo a ciki. Ya yi fito, kare ya miƙe, garken ya juya ya kama hanyar gida, muka bi bayansu cikin ƙura.